Yadda Tsoho Zai Yi Babbar Sallah a Agege Ba Rago

Bana rago ya fi ƙarfin Baba Na'Allah. Tsohon mahauci ne a nan Agege, shekara arba'in yana yanka na mutane, amma tun da kuɗin fetur ya haukata gari, ƙaramin akawu ma rago biyu yake tayawa don a gani. Tsoronsa ɗaya: kada a ce mahauci bai yi layya ba. Ga dabarar da ya bi. Kai tsoho, ka bi ta sau da ƙafa, ni na tsaya maka, sai ka ci nama har ka ture.

Mataki na ɗaya: Gyara ƙofar gida

Kada ka yi ƙarya da bakinka, ka girma. Kafa turke, ɗaura igiya, watsa harawa da kashin tumaki. In an ce ina ragon, ka ce, "Zafin ranar nan ba na dabba ba ne." Ai gaskiya ka faɗa.

Mataki na biyu: Wasa wuƙa

Ana saukowa daga Idi, tuɓe babbar riga ka bi layi. Duk inda ka ga akawu yana kokawa da rago, ka daka tsawa: "Subhanallahi! Oga, fatar za ka ɓata!" Da kansa zai miƙo maka ragon. Al'ada kuwa tana nan, wanda ya yanka, wuyan nasa ne.

Mataki na uku: Ci Sallah biyu

Yarbawa a ranar suke soyawa, mu sai nama ya kwana a rataye. To yau ka sauka gidan Abdulganiyu tela da "e ku odun" ɗinka, wato barka da Sallarsu, gobe ka dawo wajen 'yan'uwa. In barkononsu ya sa ka hawaye, ka ce magabata ka tuna.

Mataki na huɗu: Rataye abin da ka samo

A baranda, inda kowa zai gani. A nan Baba ya kwafsa. Murna ta sa ya jera komai a igiya ɗaya, sai ga maƙwabciyarsa Zinariya mai tuwo ta zo barka da Sallah. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

"Baba, ina cinya?"

"An rabar."

"Haƙarƙari fa?"

"Ke, sadaka ake yi ko bincike?"

"A'a, mamaki nake. Tun da nake ban taɓa ganin rago mai wuya bakwai ba."

Mataki na biyar: In asiri ya tonu, hura wuta

Zinariya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta jawo babbar tukunyarta. Ashe tsofaffin layin nan biyar duk turke kawai suka kafa. Suka fito ɗaya bayan ɗaya da kwanoni, aka baje tabarma, aka sha romo da burodi, ana labarin shanun da aka koro da ƙafa daga Arewa. Baba har da taka rawa.

Ni dai dabara na faɗa, ban ce ka yi ba. In ta ɓaci, ban san ka ba, kada ka biyo ni mayanka. Baba ya ƙoshi, amma sunansa ya tafi. Yanzu ko liman ne zai sa shi addu'a, Wuya Bakwai yake kiransa, kuma yana amsawa.