Rasuwar Iya, Kwamfutar Ɗakin Awon Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da har yau na kasa haɗiyewa, nake sanar da abokan aiki da 'yan'uwa rasuwar Iya, tsohuwar kwamfutar ɗakinmu na awon ruwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da shida a bakin aiki.

Marigayiyar ba ta da sauri, amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In aka kawo kwalbar ruwan rijiya, ita ke yi wa na'urar awo magana, sannan ta faɗa mana ko yara za su iya sha. Da safe takan yi "ƙirrr, ƙit-ƙit", sai "tiit" sau ɗaya, wato a kawo aiki.

Jinyarta ta fara ne bara, lokacin da katin lantarki na cikinta da ke haɗa ta da na'urar ya ƙone. Irinsa an daina ƙerawa tun 'yata ta fari tana rarrafe. Wata takwas ina nema. Na tona tarin matattun kwamfutoci a bayan shagunan masu gyara har yatsuna suka yayyanke. Guda uku na samo. Na farko ya ƙi shiga raminsa, na biyu ya shiga amma ba ya jin yarenta, na uku ina kunnawa ya yi hayaƙi ya tafi da ita.

Duk yawon nan da abokina na yi shi, wanda teburinsa ke jingine da nawa shekara goma sha tara. Shi ke riƙe mini sukundireba, shi ke cewa, "Haƙuri, Malam, tsufa ne."

Ranar Alhamis, kwana biyu da rasuwarta, na buɗe durowarsa ina neman almakashi, sai ga irin katin da nake nema, sabo fil cikin ledarsa, da rubutun hannuna a jikin kwalin. Ajiyata ce tun zuwan Iya, na ɗauka ta ɓata lokacin da muka sauya ɗaki. Da na ajiye masa a gabansa, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "In ba ta mutu ba, manya ba za su sayo sabuwa ba." Sunansa ne a takardar wanda za a tura koyon aiki da sabuwar. Nawa yana cikin masu ritaya.

Ta rasu ta bar na'urar awo, wadda yanzu ba mai jin maganarta, da firinta mai tari, da kwalabe arba'in da ɗaya na unguwannin da ke jiran sakamako, da ni.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a sauke ta daga teburinta zuwa sito na ƙarshen baranda, masinja da mai shara sun ce za su kama mini. Da hannuna zan sa mata katin kafin a rufe murfinta, ko da yake ba zai tashe ta ba. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin awo. Abokina ya aiko cewa yana so ya yi jawabi a wurin. An gode, amma siton ƙarami ne, mutum uku kawai yake ci.