Ranar da Katangar Wuta Ta Ce A Je A Kwanta

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, mako biyu bayan Ƙaramar Sallah, ƙarfe goma saura kwata na safe. A ɗakin kwamfuta na makarantarmu da ke Karaye akwai shugaban makaranta, da Malama Hadiza mai koyar da lissafi, da Baba Sale maigadi a bakin ƙofa, sai ɗalibai arba'in da ɗaya 'yan ajin ƙarshe. Goma sha biyu daga Beli aka kwaso su tun da sassafe, domin makarantarsu ba ta da intanet. Ranar ce ta ƙarshe ta rajistar jarrabawa, kuma sha biyun rana za a rufe shafin. Wanda bai shiga ba sai baɗi.

Ni malamin Hausa ne, amma ni ke riƙe da ɗakin. Kafin koyarwa na yi shekara biyu ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano (ranar Lahadi kaɗai, amma ba na faɗin wannan sai an matsa mini). Daga can na fito da ɗabi'u biyu: faɗin lokaci daidai, da ƙin barin kalmar Turanci ta wuce ban fassara ta ba.

Wata biyu kafin nan, ganin datar makaranta na ƙarewa a kallon bidiyo, na samo wata 'yar kwamfuta wadda ba ta kai tafin hannu ba. Na ɗora mata manhajar tsaro da Turawa ke kira firewall, irin wadda masu ita suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so. Duk abin da zai shiga intanet ko ya fito, sai ya bi ta cikinta. Na kafa mata doka: daga takwas na safe zuwa biyu na rana a buɗe, ban da wannan a rufe ruf.

A taron malamai Malama Hadiza ta ce a kira ta maigadin intanet kawai, kowa ya gane. Na gyara zama na yi mata bayanin minti goma a kan amanar fassara. Washegari na liƙa takarda a jikin akwatin: KATANGAR WUTA, KADA A TAƁA.

To, a wannan Talatar na shigo na tarar ko kwamfuta ɗaya ba ta buɗe shafin. Shugaba ya tambayi abin da ke faruwa. Na sa muryar labarai na sanar da shi cewa matsalar daga kamfanin sadarwa take. Malama Hadiza ta ɗaga wayarta, ta ce layin ɗaya ne, kuma ga shi yana aiki, ko in bari ta haɗa kwamfutocin da wayarta? Na ce ba za a tsallake katanga ba, don tsaro aka gina ta. (Har yau idan na tuna wannan jimlar ina jin zafi a kunnuwana.)

Na cire wayar da ke jikin akwatin na mayar. Na hura ramin da ba ƙura a cikinsa. Na leƙa ƙarƙashin tebur ba don ina neman komai ba, sai don in ɓoye fuskata. Shugaba kuwa ba ya faɗa, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ce a hankali, "Malam, ƙarfe nawa yanzu?" Ni kuma in amsa masa har da minti, kamar wanda ake biya. Goma da ashirin. Sha ɗaya saura biyar. Wata yarinya 'yar Beli ta tambayi ƙawarta ko gaske ne sai baɗi, ta ce babanta ba zai sake yarda ba. Na ji ta sarai. Gumi ya jiƙa mini riga har hula.

Sha ɗaya da kwata Baba Sale ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai ya yi nasa ƙoƙarin. Da safe da ya zo shara ya tarar wutar sola ta ɗauke, ya duba ko'ina, sai ya ga takardata.

"Na ce af, ashe ga mai tare wutar nan. Ina zare ta, Malam, wuta ta dawo. Da na ga ta ji magana sai na mayar maka da ita."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Ni dai nan take na tuna abin da na karanta na kuma share: irin wannan 'yar kwamfuta ba ta da batirin agogo. Idan aka zare ta, lokaci ya ɓace mata, sai ta tambayo a intanet. Ni kuma da hannuna na hana ta intanet idan ba lokacin makaranta ba.

Ita ba ta da allo, allunan kwamfutocin kuma duk suna gaban ɗalibai, don haka na haɗa ta da majigi. Bango ya haska. A sama agogonta na cewa ƙarfe ɗaya da wani abu na dare. A ƙasa kuma ga jerin duk buƙatun da ta hana tun safe, kowace da bayanin da na rubuta wa dokar ranar da nake jin kaina. Layi bayan layi, har ƙasan bango.

Malama Hadiza ta miƙe, ta riƙe biro a bakinta kamar makirufo, ta karanta da muryata, har da jan numfashin da nake yi:

"Masu sauraro, ga kanun labaran. Dare ya yi, a je a kwanta. Dare ya yi, a je a kwanta."

Ɗakin ya fashe. Shugaba ya juya ya fuskanci taga, kafaɗunsa na rawa. Ni kuma, mai faɗin lokaci daidai, sai Baba Sale ne ya duba tsohon agogonsa ya ba ni lokaci na shigar. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar shafin ya buɗe.

A nan na gano Malama Hadiza ba ta saurari dokata ba. Tun goma da rabi take yi wa 'yan Beli rajista da wayarta a bayan ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ta fara da yarinyar nan. Sauran muka bi da gudu. Na ƙarshe ya shiga sha biyu saura minti huɗu. Da ta bi maganata, da wasu sun kwana a waje.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka fassara kalma, tambayi wanda zai karanta ta da tsintsiya a hannu. A bakin Bahaushe wuta biyu ce, kuma wadda ake ɗaukewa ita ta fi damunsa.

Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Kano na sayo wa na'urar ɗan agogo mai batir. Takardar jikinta yanzu tana cewa MAIGADIN INTANET, da rubutun Malama Hadiza. Baba Sale ya ce ba komai, in dai ta san shi ne babba. Ɗaliban nan sun gama sun tafi, amma sun bar wa na bayansu sunan: har 'yan aji ɗaya Malam A-je-a-kwanta suke ce mini.