Allon da Na Karanta a Majalisa

Ba zan taɓa mantawa da allon nan ba, ko da na so. A shekarun farko na mulkin farar hula ne, lokacin da kowane mai lasifika a mota yake rantsuwa ya gano maganin ƙanjamau.

'Yata Hadiza tana digiri na biyu a jami'a. Da ranar kare bincikenta ta matso, sai ta mayar da ni ɗalibinta, kullum bayan la'asar. Ni kuwa abu ba ya zama a kaina sai na rubuta shi da ajami, don haka na ɗauko allo da tawada.

Ta ce a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin zare, da ake kira ƙananan RNA. Ba sa gina komai, saƙo kawai suke tarewa kafin a aiwatar da shi. Wasunsu kan tare saƙon ƙwayar cutar, sai ta yi lamo ta ɓuya. "Ɓuya fa na ce, Baba, ba mutuwa ba." Na rubuta. Har da zane na yi (wanda, Allah Ya gafarta mini, ya fito kamar hatimi).

Kuskurena shi ne fita da allon zuwa majalisarmu ta Ƙofar Na'isa. Alhaji Garba mai yadi ya leƙa ya ce, "Malam, wannan fa?"

"Aikin da muke yi ne a kan ƙanjamau." (Ku lura da "muke".)

"Kai! An samu ke nan?"

Na gyara rawani, na yi murmushi, na ce, "Allah ne mai magani." Gaskiya ce tsantsa. Amma na san yadda na faɗe ta.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, wani bawan Allah da ba zan kwatanta ba ya yi sallama a zaure. Ya durƙusa, ya ce yana ɗauke da cutar, ya ji an ce ina da rubutu. Ya ƙara da cewa kwana uku ke nan da ya ajiye ƙwayoyin asibiti, don kada su ɓata wa rubutun aiki.

Hadiza, wadda ta fito za ta tafi makaranta, ta ji komai. Ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa bayani a tsanake, ta sa ya yi alkawarin komawa asibiti a ranar. Sannan ta juyo.

"Baba, shi ya zo ya faɗa. Waɗanda ba su zo ba fa?"

Da yamma na koma majalisa da allona. Mutane sun fi na kullum (ban san wa ya yi shela ba). Na miƙe tsaye na karanta shi daga sama har ƙasa, da irin muryar da nake ba da tarihin magabata.

Alhaji Garba ya ce, "To Malam, mutum nawa suka warke?"

"Babu. A ɗakin gwaji ake aikin, cikin kwalabe."

"Kai wanne ka yi a ciki?"

"Na rubuta."

"Shi zaren nan, ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba. Wanda ke shan magani dai kada ya daina."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Ashe jinga yarinya ta ba ka." Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Da sun yi ma da ya fi sauƙi.

Bawan Allahn nan ya koma kan maganinsa, yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Ni kuma na gane cewa mai furfura ma yana iya koyon cewa "ban sani ba". Kalma uku ce kacal, sai dai ta fi arha idan aka faɗe ta a zaune.