Yadda Za Ka Samu Hanta a Gidan Surukai Bisa Tsarin Ƙwayar Cuta

Ni Sharafaddeen, mai difloma a aikin gwaje-gwaje daga Vom, ina tabbatar maka, iyakar yadda ɗan Adam ke iya tabbatarwa, cewa wannan hanya za ta kawo hantar layya gabanka.

1. Fahimci matsalar

Ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da sinadarin ƙarfe, jiki kuwa ya kulle nasa tam. Haka hanta take a kicin ɗin surukai ranar Babbar Sallah. Kai kana zaure, yunwa na cin ka, kunya ta hana ka tauna ko gyaɗa a gabansu.

2. Kada ka je da kanka

Ƙwayar cuta mai tarbiyya ba ta shiga kicin. Wani sinadari take aikawa, sunansa sidarofo, ya damƙo ƙarfen da riƙon da ya fi na jiki, ya kawo mata. Nawa sidarofon shi ne Chollom, abokin karatuna, wanda ba surukin kowa ba ne a Kabong, unguwar surukaina.

3. Yi masa bayani a hankali

Na ce, "Yanka biyu kawai, cikin leda. Don Allah kada ka ambaci sunana."

Ya ce, "Oga, kwantar da hankali. Ni da hanta tun muna yara."

4. Auna ɗan aikenka tun a gida

Wani sidarofon ba ya sakin abin da ya riƙe sai ƙwayar ta fasa shi. Chollom ya ninka ni faɗin kafaɗa.

5. Tuna cewa jiki yana da masu gadi

Aikinsu cafke ɗan aike a hanya. Hajiya Balaraba, mahaifiyar matata, ta tare Chollom a bakin kicin, leda wayam, baki cike.

"Mama, ba ni ba ne. Sharafa ne yake mutuwa da yunwa."

Da kanta ta shigo zaure da faranti, ta dire gabana, ga surukina yana kallo ta saman tabarau.

"Malam mai difloma, ga saƙonka. Ci in gani."

Na sunkuyar da kai na ce, "Na ƙoshi, Hajiya." Cikina ya ƙaryata ni da babbar murya. Chollom ya ja farantin, wai kada a yi almubazzaranci.

Sanarwa: alkawarina shi ne hanta za ta iso gabanka, kuma ta iso. Ban ce za ka ci ba. Duk wanda surukarsa ta laƙaba wa suna "Na Ƙoshi" har gaban baƙi, kada ya nemo ni. Ya tuhumi ƙwayar cuta.