Finjalin Girmamawa

Shekarata ta biyu ke nan a Makka, jim kaɗan bayan yaƙin duniya, sai kawun Rakiya ya aiko cewa zai zo ɗakina a Utaibiyya, ya ga irin mutumin da ke neman auren 'yarsu.

Ko a jikina. Ni da na tashi a Kano, wa zai koya mini girmama manya? Na aro butar gahawa, da ya iso na durƙusa, na cika masa finjali fal har yana zuba. A raina ina cewa, yau zai ga karamci, ba ɗigo ukun da mutanen garin nan suke ɗiga wa baƙo ba.

Dattijon ya dubi finjalin, ya dube ni.

"Ya waladi, ɗana, korata kake yi?"

"Haba Baba, ai girmanka ne. In ƙaro?"

Ya laluba takalmansa ya fice.

Ashe a nan, cikakken finjali ma'anarsa "sha ka ba mu wuri." Kwana tara ina aika dattawa ban haƙuri kafin a ba ni Rakiya.

Har yau, in baƙo ya zauna ya ƙi tafiya, sai in jiyo muryarta daga bayan labule: "Malam, tashi ka girmama shi mana."