Ranar da Na Ɗumama Jidda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunna murhun ɗumama ɗaki a Jidda ba. E, Jidda, inda mutum ke fitowa daga wanka yana gumi.

Lokacin ina koyon walda a unguwar Sa'alaba. Kakata, Hajiya Yalwa, ta zo umra ta zauna wurinmu, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Kullum kukanta ɗaya: "Sanyin ƙasar nan zai karya min gwiwa." Abin ya ɗaure min kai, don mu narkewa muke. Amma da na ga hoton wani murhun Turawa a tsohuwar mujalla, mai cin itace da gawayi da duk abin da ka ba shi, sai na ce halas, maganin Kaka ya samu.

Na yanka tsohuwar ganga, na yi mata ƙofa da bututun hayaƙi. Makamashi kuwa kyauta: ƙwallon dabinon da na tara tun azumi, da garin katako da na kwaɓa da sitaci na dunƙula (har wa'azi nake wa abokaina cewa dabino ba ya ƙarewa, fetur ne zai ƙare).

Ran Juma'a da la'asar na kafa shi a ɗakinta, na zura bututun ta taga.

"Maigida, me kuma ka jajibo?" in ji Kaka.

"Yau kin rabu da sanyi, amarya."

Ƙwallon dabino bai bushe ba. Hayaƙi ya turnuƙe lungu, wata mata ta kwarma ihu, "Gobara!" A unguwarmu kuwa gobara na nufin hukuma, hukuma na nufin tambayar takarda. Kafin in ƙifta ido rabin maƙwabta sun haye rufi, telan lungunmu ya bar keken ɗinkinsa a buɗe. Babana ya goya Kaka a guje ya kai ta gidan Ammu Usman, maƙwabcinmu Bahaushen Sudan. Ni ina tsaye da mafici, ina bayanin cewa hayaƙin farko ne kawai.

Ammu Usman ya shigo da bokiti ya sheƙa wa murhuna ruwa tun kafin wani ya buga waya. Sai ya tsaya yana kallon bango.

"Ya walad, wuta kake hurawa mukayyif na aiki?"

Na ɗaga kai. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta busa ƙanƙara daidai kan gadon Kaka. Na saba da ƙararta har na daina jin ta.

Da aka tambayi Kaka, ta sunkuyar da kai. "To, yaron nan ne ya saya min da guminsa. Ya zan ce a kashe?"

"Yaron nan" shi ne babana, ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce kyautarsa na cutar ta. Ni take yi wa kuka don in kai saƙo. Ni kuma na kai wa ganga.

Babana ya murɗa maɓalli ɗaya, gwiwar Kaka ta warke. Har ta koma gida sunana a bakinta Sarkin Wuta.

Yanzu in wani ya ce min yana jin sanyi, sai na fara duba bango kafin in nemi ashana.