Zakin da Na Zana a Ƙofar Gida

Shekarar da na gama ginin gidana a Gummi, na yanke shawarar cewa mutum irina bai kamata ya zauna babu tambari ba. Na sayo fenti, na zana shi da hannuna a jikin ƙofa: zaki don jarumtar kakanninmu, zangarniyar gero don noma, takubba biyu gicciye a sama don tsaron gida. Da na ja baya na duba, har ƙwalla sai da na yi.

Ranar walima na tara dangi da surukai, na yaye tabarmar da na rufe ƙofar da ita. Inna ta matso, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce cikin tausayi, "Ɗana, wagga akuya gero kaɗai tac ci, don mi ka aza mata wuƙaƙe har biyu?"

Na fara bayanin jarumtar zaki ke nan, surukina ya dafa kafaɗata. "Ba komi," in ji shi, "fawa ma sana'a ce."

A makon na shafe zanen. Amma har yau, duk Babbar Sallah sai an aiko tambayar ko Sarkin Fawa ya fara yanka.